Rabon Ƙasa

In aka tambaye ni garinmu, Nahuce nake cewa don a bar ni in huta. Amma ba a nan aka binne cibiyata ba. Inda aka binne ta ko kango babu yanzu, kuma na gaji da yi wa mutane kwatancen wurin da ko sun je ba abin da za su gani sai sabara da ramuka. Tunga ce tsakanin Gusau da Tsafe, in ka saki hanya ka yi kudu kamar mai zuwa Wanke. Ba ta da wani suna na kirki. A kasuwa 'yan gawayi ake ce mana, ita kuwa tungar 'yan gawayi, mu ma haka muka tashi muna kiranta.

Kakanninmu suka kafa ta, kuma ba noma ya kai su ba, don ƙasar wurin tsakuwa ce da marmara, gero da ƙyar yake wuce ƙugun mutum. Ƙirya ta kai su. A zamaninsu dajin cike yake da ita, ga kuma masu narka tama a gindin duwatsun Tsafe, waɗanda wutarsu ba ta son kowane gawayi sai na ƙirya. Duk wanda ya taɓa zama a maƙera ya san dalili. Gawayin wani icce ana zuga shi kaɗan ya koma toka, na ƙirya kuwa yana riƙe wuta har ƙarfe ya yi laushi. To su suka haƙo tama, mu muka ba su wuta, maƙeran Gusau da na Bungudu suka ƙera fartanya da gatari, kowa ya ci abinci.

Aikin ba shi da wuyar ganewa, wuyar yi ke gare shi. Ƙirya ba ta saruwa da daɗi, gatari sai ya yi ta tsalle yana dawo maka, da yamma ka ji kafaɗunka kamar na aro. In ta faɗi a bar ta ta sha iska, a daddatsa, a jera a rami, a sa wuta. In ta kama a rufe da ɗanyen ganye da ƙasa, sai kuma tsaro. Ka yi sakaci iska ta sami ƙofa, wahalarka ta zama toka. Ka toshe da yawa, ka tono icce baƙi da bai toyu ba, maƙeri ya jefo maka abinka.

Muna da wata al'ada da ban gan ta ko'ina ba sai wurinmu. In an gama kwashe rami, mai ramin zai zaɓi gawayi mafi kyau cikin tafin hannu biyu, ya mayar gindin ramin, ya kifa masa tsingaro, ya tura ƙasa. Rabon ƙasa muke ce masa. Ita ta riƙe maka wuta, ba ka tafiya ka bar ta hannu wofi. Limaminmu ya sha cewa wannan ba zakka ba ce, ba kuma sadaka ba, don ƙasa ba ta cikin mabuƙata. Amma shi ma ramin da yake toyawa, in ka tona za ka iske tsingaro.

Mu biyu Baba ya bari maza, ni da yayana. Yaya shi ya gaji rami, shi kuma ya gaji riƙon tungar. Mutum ne marar yawan magana, dogo, hannunsa ko ranar salla ba ya fita. Hayaƙi yake kallo daga nesa ya ce wancan ramin na wane ya kusa, wancan kuwa a je a toshe gabas da shi. Ni ban da wannan haƙurin. Ni jakai aka ba ni, ina kai kaya Gusau, ina kai Tsafe, wani lokaci har Bungudu, ina dawowa da gishiri da hatsi da labari. Na fi shi baki, ya fi ni komai, kuma ban taɓa jin ciwon haka ba.

Shekarar da Nasara suka shigo ƙasar, lokacin na fara bin jakai ni kaɗai. Ba a rana guda abin ya lalace ba, da ya fi sauƙi. A hankali ƙarfen fatake ya fara shigowa kasuwa, maƙeri ya ga ba sai ya jira mai narka tama ba. Murahun gindin dutse suka riƙa mutuwa ɗaya bayan ɗaya, kuma su ne masu cin gawayinmu da yawa. Ƙirya ita ma ta yi ta ja da baya. Abin da Baba ke sarewa a bayan gida, mu sai mun yi tafiyar hantsi kafin mu gan shi. Aka yi shekarar yunwa, aka yi ta ciwon nan da ya kwashe mutane, a ciki matar Yaya ta tafi, 'ya'yansa mata kuwa duk aure ya kai su wasu garuruwa. Sannan aka zo aka ce dajin da ya rage gandun hukuma ne, wanda aka kama da gatari a ciki ya kuka da kansa. Icce na tsaye muna kallonsa, shi ma yana kallonmu.

Mutane suka fara zarewa. Yau ka ji gidan wane sun tafi cin rani, damina ta faɗi ba su dawo ba. Duk gidan da ya tashi, Yaya sai ya kwana biyu ba ya cin abincin kirki. Ba sarauta yake wa kuka ba, sarautar me, ta toka? Shi dai a ransa tungar amana ce Baba ya bar masa, kuma ba ya son a ce a hannunsa ta watse.

Ni kuwa ina da suruki a Nahuce, ƙasar Bungudu, mutumin kirki mai faɗa a ji. Ya yi mana magana aka yarda a ba duk wanda ya zo daga tungarmu saurar gona ya noma, har da wani yanki mai laka kusa da fadama. Sharaɗi ɗaya ne: a zo da rani a yi sassabe, a cire kututture, kafin ruwa ya sauka. Wanda bai zo ba, akwai masu jira. Magidantan da suka rage duk sun amsa za su bi ni bayan kaka. Yaya ya ji, sai ya daina zama inda nake.

A wannan kakar layin dogo ya iso Gusau. Na kai kaya wurin wani maƙeri da muka daɗe muna hulɗa, na ce bari in leƙa tasha in ga abin da ake ta zuzutawa. Jirgin bai dame ni ba, ƙara ce da tururi. Abin da ya tsayar da ni wani tsibi ne a gefe, baƙi ƙirin, ya fi rumbu tsawo. Ɗan gawayi ba ya wuce baƙin tsibi bai taɓa ba. Na ɗauki ƙwaya ɗaya, sai na ji nauyi kamar dutse, tana ƙyalli, ta kuma ɓata mini hannu kamar namu. Wani Bazazzagi mai zuba wa jirgin wuta yana zaune yana cin rogo, ya ga yadda nake jujjuya ta, ya yi dariya.

Na ce, "Malam, wane icce ne wannan?"

Ya ce, "Ba icce ba ne, kwal ake ce masa. Haƙo shi ake yi."

Na ce, "Haƙowa daga ina?"

Ya ce, "Daga ƙasa mana. Can kudu, ƙetaren babban kogi, akwai gari guda da ba su da aiki sai shiga rami su fito da shi. Ai 'yan'uwanku ne, 'yan gawayi, sai dai su ƙasa ke toya musu." Ya ce in tafi da wadda ke hannuna, har ya ƙara mini wasu.

Tsaraba na ɗauke ta, irin abin da ake nuna wa yara. Da na isa gida na zube a gaban Yaya don in ga ko zai yi mini magana. Ya ɗauka, ya auna a hannu, ya shinshina, ya kankara da farce. Ya tashi ya tura guda cikin murhun Inna, mahaifiyarmu, ya tsuguna yana fifitawa. Ta daɗe ba ta kama ba. Da ta kama sai wani wari ya cika gidan, Inna ta fito tana faɗa wa ya sa mata ƙazanta a wuta. Amma ta ci, ta yi ja, ta ƙi mutuwa. An gama tuwo, an ci, an wanke tukunya, tana nan da ranta. Yaya bai tashi daga wurin ba.

Can ya ce, "Maimaita mini abin da mutumin ya ce."

Na maimaita.

Ya ce, "To wa ya zuba musu shi a ƙasa?"

Na ce, "Yaya, ina zan sani? Ikon Allah."

Ya ce, "Komai ikon Allah ne. Gero ma ikon Allah ne, amma sai ka ba ƙasa gero take ba ka gero. Gyaɗa fa? Ƙwaya ɗaya kake binnewa, ta haihu a can ciki inda ba ka gani. Mutumin ya ce maka 'yan gawayi ne. Kakanninsu sun bar wa ƙasa rabonta, ya daɗe, ya nuna, ya yi nauyi, ya yaɗu. Mu tun yaushe muke ba ta? Tun kakan Baba. Ko sau ɗaya mun taɓa tonawa mu gani?"

Yanzu in na ba da labarin nan yara dariya suke yi, ni kuwa haushi suke ba ni. Su da aka haifa jirgi na wucewa ta bayan gidansu, me suka sani? Mu ba mu taɓa ganin dutse ya ci wuta ba sai ranar. Abu baƙi ne, yana ɓata hannu, yana riƙe wuta, an ce daga ƙasa yake, an ce masu shi 'yan gawayi ne. Kai da ka tashi kana ganin ubanka yana binne gawayi, me za ka ce? Ni dai ban yarda ba, ban kuma iya ƙaryatawa ba.

Washegari bayan la'asar ya tsayar da magidanta a ƙofar masallaci, ya sa sauran ƙwayoyin a wuta kowa ya gani da idonsa. Ban taɓa jin ya yi magana mai tsawon ta ranar ba. Ya ce in akwai shi a ƙarƙashinmu, ba mu da sauran buƙatar gandun kowa, maƙera za su saya, jirgi ma zai saya, waɗanda suka tafi za su dawo. Ya ce, "Rani ɗaya nake roƙo. In ba mu samu ba, ni da kaina zan ɗaure muku kaya."

Na ce, "Yaya, ranin nan shi ne na sassabe. Ba a ba mu wani ba."

Ya ce, "A fara da wuri, a gama da wuri."

Aka dubi liman, ya ce Allah ne masanin abin da ke cikin ƙasa. Wani tsoho ya ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba. Yaron nan ni ne, da gemuna da 'ya'yana. Gaskiyar magana ba wanda ke son tashi. Wa ke son ya je ya zama baƙo a garin wani da furfura a kansa? An samu dalilin zama, kowa ya rungume.

Muka fara da ramin da ya fi kowane tsufa, wanda aka ce na kakan Baba ne, ya daɗe da cikewa har geza ta fito a kai. Dagi muke da shi da fartanya, sai diga guda da wani saurayi ya dawo da ita daga aikin dogo. Ba mu yi nisa ba muka fara cin karo da tsingaro, wani bisa wani, kowane da ɗan gawayinsa a ƙarƙashi. Aka kira Inna ta zo ta gani. Ta ɗauki wani tsingaro mai zane ta ce ta san tukunyar, ta kakarmu ce, ta zauna a bakin ramin ta yi kukanta. Gawayin kuwa yana nan lafiya lau, bai ruɓe ba, bai canza ba. Tafi biyu aka ba ƙasa, tafi biyu ta riƙe. Na ɗauki ɗaya na murƙushe da yatsa, marar nauyi kamar wanda aka kwashe jiya.

Na ce, "Yaya, ga shi nan. Bai haihu ba."

Ya ce, "Wanga na sama ne. Mai nauyi ai nutsewa yake."

Muka ci gaba. Ƙasa ta ƙare, marmara ta fara, ja wur, mai cin bakin dagi. Mutum ɗaya ke iya tsayawa a ciki, sauran suna jan kwando da igiya. In ka shiga da hantsi, kafin azahar numfashinka ya koma na tsohon jaki. Ka fito ja daga kai har ƙafa, mu da muka saba fitowa baƙaƙe, har matanmu suna tsokanarmu wai an musanya musu maza. Tsokanar ba ta daɗe ba. Duk ranin ba wanda ya toya gawayi, jakaina suna ɗaure suna cin karan banza, rumbuna suna ta yin ƙasa. Rijiyarmu ta ja baya kamar yadda take yi kowace shekara, mata suna tafiya mai nisa neman ruwa, su dawo su iske mazansu sun haƙa rami mai zurfin rijiya a inda ba ruwa. Fulanin da ke wucewa da shanu suka riƙa tsayawa suna leƙawa, suna tambaya ko wani ne ya faɗa.

Surukina ya aiko a gaya mini mutane sun fara sassabe. Ya sake aikowa cewa yankin fadama an ba wasu. Na gaya wa Yaya, ya ce saura kaɗan. Kullum saura kaɗan. Shi ne farkon shiga, shi ne ƙarshen fita, tafin hannunsa ya fashe har ba ya iya dunƙule tuwo. Da ragwanci yake yi da na ji daɗin yi masa rashin kunya, amma ta ina za ka fara da mutumin da ya fi kowa shan wuya?

Zafin bazara ya shigo sosai sannan diga ta daki wani abu ta yi ƙara. Dutse ne mai duhu, baƙi-baƙi, da ɗan ƙyalli a jikinsa. Aka ɓantaro, aka fito da shi, tungar ta taru. Muka sa a murhu, bai kama ba. Yaya ya ce wutar murhu ba ta isa ba, sai ta zugazugi. Muka ɗaura wa jaki, ni da shi, muka nufi Tsafe wurin wani tsohon maƙeri abokin Baba.

Tsohon bai yi mana dariya ba, Allah ya jiƙansa. Ya saurari Yaya har ƙarshe, ya tura dutsen tsakiyar wuta, ya lulluɓe da gawayi, ya karɓi zugazugin da kansa. Ya yi ta zuga har gumi ya jiƙa masa riga. Gawayin ya cinye, ya ƙara wani. Dutsen ya yi zafi, ya tsage, ya yi fari-fari, amma ko harshen wuta bai fito daga jikinsa ba. Ya ciro shi da awartaki ya ajiye a gaban Yaya.

Ya ce, "Ɗana, wanga dutse ne. Allah ya yi shi dutse."

A hanyar dawowa muka yi ta tafiya har muka hango tunga. Nan Yaya ya ce, "Bai nuna ba tukuna. Ƙila na ƙarƙashinsa."

Ranar na manta shi ne babba. Na ce masa ya cinye mana rani, ya cinye mana fadama, yara suna kwana da kunu, shi yana jiran dutse ya nuna kamar ɗinya. Na ce in shi ya rantse sai ya mutu a rami, ya mutu shi kaɗai. Ya bar ni na gama, ya ce, "Ka faɗi gaskiya." Wallahi da ya mare ni da ya fi mini sauƙi.

Ya cika alkawari. Shi ya riƙa bi gida gida yana taya mutane ɗaure kaya, yana gyara wa jakai mangala. Hadari ya riga ya fara haɗuwa a gabas. Wasu suka bi ni Nahuce, wasu suka yi fushi suka nufi Magami, wasu Gusau wurin dako. Inna ta ce ƙafarta ƙafata, don ta ga jikoki. Na ce wa Yaya ya taho, ya ce wani ya kamata ya tsaya ya ga bayan gari. Muka isa a makare, abin da ya rage mana tudu ne mai kututture, muka yi shuka a tsakaninsu. Daminar nan ba na son tuna ta. Mun ci tafasa har muka ƙi jinin ganinta.

Bayan kaka na ɗauki ɗan hatsin da ya samu na kai masa. Ina tsammanin in iske shi a ramin nan, sai na iske ya rufe bakinsa da ƙaya. A ƙofar gida kuwa ga buhuna a jere, cike. Na buɗe ɗaya, na ga gawayin da rabona da irinsa tun ina saurayi, manya-manya, in ka buga biyu su yi ƙara kamar ƙarfe.

Na ce, "Yaya, gandu ka shiga?"

Ya ce, "A'a."

Na ce, "To ina ka sami ƙirya?"

Ya dubi gidan maƙwabcinmu. Sai a lokacin na lura rumfar ƙofar gidan ta kwanta, rumbunan suna zaune a ƙasa. Dirkokin tungarmu duk na ƙirya ne, tun na kakanni, don gara ba ta cin ta. Haka ginshiƙan rumfuna, haka turamen da mata suka bari saboda nauyi. Icce ne da ya shekara da shekaru yana bushewa, ba abin da ya kai shi yin gawayi. Yaya ya ce ya aika ya tambayi mai gidan, shi kuwa ya ce ya yafe. Na leƙa ramin da ya toya, na ga ya share shi tas har gindi, babu tsingaro. Ban tambaye shi ba.

Na kai kayan Gusau wurin maƙerin nan nawa. Ya zuba a wuta ya zuga, ya ɗago ya dube ni, ya ce ashe 'yan gawayi suna nan da ransu. Ya ce duk abin da aka samu irin wannan a kawo masa, kada a kai wa kowa. Ban gaya masa komai ba. Abin kunya ne ko abin tausayi, ni kaina ban sani ba.

Haka muka yi ranin nan da wanda ya biyo. In na sami sarari a gona sai in kora jakai in je. Kowane zuwa tungar ta ragu. Ba ya taɓa gida sai ya aika an tambayi mai shi, in ya mutu a tambayi magada, kuma ba wanda ya hana, wa zai dawo? Ya fara da gidajen gefe yana matsowa ciki. In aka zare dirka, ruwan damina ɗaya ya isa ya kwantar da sauran. Na riƙa tsayawa ina cewa nan ne gidan wane, can ne inda ake ɗaurin aure, har na daina, don gajiya nake ji tun kafin in sauke mangala. Dirkokin masallaci kaɗai bai toya ba. Ya ba wasu Fulani da suka kafa ruga kusa, suka yi rumfar salla da su. Ya rame, ya yi furfura, tari ya kama shi. Kullum in ce ya taho, kullum ya ce akwai saura.

Zuwana na ƙarshe na iske ba saura. Gidanmu ne ya rage, shi ma ya kwanta. Zauren Baba, rumfar da muka yi wasa a ƙarƙashinta, turmin Inna, duk suna cikin buhu, kuma ba su cika kayan jakaina ba. Wannan ya ba ni mamaki, ya kuma ba ni haushi. Ina ganin gidanmu babba ne. Yaya ya naɗe tabarmarsa, ya rataya buta da gatari, ya ce mu tafi. Bai waiwaya ba, ni na yi ta waiwaye.

Muka biya ta Gusau don sauke kaya kafin mu kama hanyar Bungudu. Maƙerin bai taɓa ganin Yaya ba. Na ce masa ga mai toyawar. Ya tashi ya kama hannunsa da hannu biyu, ya sa aka kawo masa fura, ya yi ta yabonsa a gaban yaransa. Ya ce shekarunsa a maƙera bai ga gari mai albarkar icce kamar namu ba, Allah ya bar tungar nan, Allah ya ƙara mata arziki. Yaya yana ta cewa amin. Ni na kasa zama, na fita na yi kamar ina gyara igiyar jaki, raina a ɓace, ba kuma wanda zan yi wa faɗa.

Da muka tashi tafiya maƙerin ya rako mu har bakin hanya. Ya ce, "To, a sauka lafiya. A gaida mutanen tunga, manya da yara."

Na buɗe baki zan gaya masa, Yaya ya riga ni.

Ya ce, "Za su ji."

Muka kama hanyar Bungudu. Ya karɓi sandar daga hannuna ya ce shi zai kora jakan, tunda dai ya kamata ya fara koyon wani abu.